Rahoton Mai Agogo

Da sunan Allah nake buɗe bakina, Shi da Ya tara mu a wannan zaure lafiya, kuma Shi nake roƙo Ya sallame mu lafiya.

Mai girma shugaban taro. Mai girma shugaban jami'a da mataimakansa. Shugaban tsangayar injiniya. Shugabar sashenmu, wadda na koyar tana zaune a layin gaba tana kama mini kuskure a kan allo, yau kuma ita ce ta sa hannu a takardar sallamata. Abokan aikina malamai, manya da ƙanana. Ma'aikatan ɗakunan gwaji, waɗanda mu muke faɗa su kuma suke aikatawa. Tsofaffin ɗalibaina da suka baro ma'aikatunsu suka zo, wasunsu da furfurar da ta fi tawa. Ɗaliban yanzu da suka zaɓi kujerun baya, kusa da ƙofa, inda fita ba ta da wuya. Iyayenmu mata da iyayenmu maza. Uwargidana da 'ya'yana. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiyata ta farko ga Allah take, da Ya ba ni shekara talatin da takwas a gaban allo, Ya kuma fitar da ni da ƙafafuna. Sannan ina gode wa wannan jami'a, da ta ɗauke ni ina saurayi mai taurin kai, ta yi ta haƙuri da ni har na zama dattijo mai taurin kai. Ina gode wa uwargidana, wadda ta share shekaru tana wanke jan tawada daga aljihun rigunana, ba ta taɓa kai ƙarata ko'ina ba. Ina kuma gode wa waɗanda suka yi magana kafin ni. Tun safe nake zaune ina jin ana yabon wani mutum mai haƙuri, mai sauƙin kai, mai sauraron ɗalibai, har na juya na tambayi uwargida ko taron wani muka shigo. Ta ce in yi shiru in karɓa, ba kullum ake samu ba.

Na san sunan da kuke kirana da shi a bayan idona. Tun shekarata ta uku na san ni ne Jan Biro, kuma ban taɓa jin haushi ba, domin da gumina na samo shi.

Abu uku zan faɗa. Biyun farko na daɗi ne, tuna baya ne irin na tsofaffi, ku yi mini uzuri in na ja su. Na ukun shi ne mai nauyi, kuma gara in sanar da ku tun yanzu. Shekara ashirin da huɗu da suka wuce na rubuta da hannuna cewa wani ɗalibina maƙaryaci ne, alhali ba maƙaryaci ba ne. Akwai wadda har yau take ɗauke da wannan magana a ranta, tana cikin zauren nan, kuma ba zan bar wannan mumbari ba sai ta ji gaskiya daga bakin wanda ya yi ɓarnar.

Na farko, abin da muke koyarwa. Ina faɗin wannan ne saboda iyayen da ke nan, waɗanda suka miƙo mana 'ya'yansu bisa amana ba tare da sanin abin da muke ɗura musu ba. A takarda, sunan darasin ilimin sarrafa na'urori. A bakin ɗalibai kuwa Kwantarol ne, kuma ba sa faɗinsa sai da ajiyar zuciya. Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, in aka tambaye ta aikin ɗanta sai ta ce, “Injin yake koya wa hankali.” Na karanta littattafai masu kauri a kan fannin nan, ban ga wanda ya faɗe shi a taƙaice kamar ta ba.

Gaba ɗayan darasin, da lissafinsa mai cika allo uku, abu uku ne: ka auna, ka kwatanta, ka gyara. Uwar da ke sirka wa jariri ruwan wanka tana yinsa kullum. Ta tsoma hannu, ta ji ya yi zafi, ta ƙara na sanyi, ta sake tsoma hannu. Ba ta zubawa sau ɗaya ta juya baya. To, wannan sake tsoma hannun, wannan waiwayen, shi muke koya wa injin: injin da ke riƙe zafin tukunyar ma'aikata, da wanda ke riƙe gudun janareta, da wanda ke hana jirgin sama karkata. Aikin injiniya shi ne ya yanke yawan gyaran. In gyaran ya yi kaɗan, injin ya yi nawa. In ya yi yawa, sai ya zarce, ya dawo, ya sake zarcewa, ya yi ta kai-kawo bai natsu ba.

A ranar farko ta kowace shekara nakan shigo aji da sandar tsintsiya. In kira wanda ya fi kowa surutu, in ce ya tsayar da ita a tafin hannunsa. Ya tsayar, yana ta matsa hannu hagu da dama, aji na tafa masa. Sai in ce ya rufe ido. Kafin a ƙirga uku ta faɗi, sau da yawa a kan na kusa da shi. Sai in ce, “To, kun ga darasin shekara. Saura lissafi.” Ga wani can a layi na biyu, yau babban manaja ne, sandar nan ta taɓa fasa masa tabarau. Har yanzu yana gaishe ni, Allah Ya saka masa da alheri.

Na tuna da hannuwan da ake ɗagawa in na cika allo. Zuciyata ta yi fari, in ce yau an samu mai tambaya, sai in ji, “Malam, wannan zai fito a jarrabawa?” Na kuma tuna da waɗanda suka kira ni bayan shekaru daga ma'aikatunsu, ƙarar injin na tashi a bayansu, suna cewa, “Malam, ashe abin nan da gaske ne.” Babu abin da ya taɓa faranta mini rai a aikin nan kamar wannan kira.

Abu ɗaya nake maimaita musu har su gaji: babban abokin gabar injin mai gyara kansa shi ne jinkiri. Idan labarin abin da ka yi bai dawo maka da wuri ba, za ka yi ta gyara abin da ya riga ya wuce. Duk wanda ya taɓa wanka a famfon ruwan zafi mai dogon bututu ya san wannan. Ka murɗa, ba ka ji komai ba, ka ƙara murɗawa, sai ruwa ya iso ya ƙone ka. Ka mayar da sauri, can kuma sanyi ya iso. Na zana wannan a kan allo ya fi sau ɗari.

Na biyu, ɗakin gwajinmu na ƙasa, wanda ɗaliban yanzu ba su san shi ba sai a matsayin ma'ajiyar karyayyun kujeru. Matakala ashirin da biyu ce daga ƙofar ofishina. Tun kafin ka kai ƙasa za ka ji warin dalma da ake narkarwa da tururin ruwa, ka ji fankar sama na kuka kamar dole aka yi mata. Taga ɗaya ce, can sama, ba ka ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Tebura shida na katako, kowanne an sassaƙe shi da sunaye da shekaru, har da na wasu da suka zo yau cikin manyan riguna.

Mai ɗakin ba ni ba ne. Mai ɗakin shi ne babban ma'aikacin gwajinmu, Allah Ya haskaka kabarinsa, wanda kowa ke kira Baba A-hankali, domin abin da yake faɗa ke nan duk sa'ad da ɗalibi ya miƙa hannu ga wani abu. Bai yi jami'a ba. Yana da farar riga mai aljihu uku, da fensir a bayan kunne, da kunnen da ke gane ciwon injin tun daga bakin ƙofa. Ya ciyar da ɗalibai da yawa daga kwanon abincinsa, ya ɓoye mini ɓarnarsu fiye da yadda zan iya tunawa. In wani ya ƙona na'ura, sai ya ce mini, “Malam, dama ta tsufa.” Na'urar da aka kawo wata uku da suka wuce.

A kusurwar ɗakin akwai na'urar da ɗalibai suka raɗa wa suna Kaka. Tanki ne na ƙarfe da hita a ciki, ruwa na fita ta bututu, a ƙarshen bututun kuma akwai ma'aunin zafi mai allura. Ma'aunin ke gaya wa hita ta ƙara wuta ko ta rage. A gaba akwai abin murɗawa mai lamba ɗaya zuwa goma, shi ke yanke ƙarfin gyaran. Aikin ɗalibi shi ne ya nemi ruwan ya tsaya a digiri hamsin, ya sa lambar da takardar umarni ta ce, ya riƙa rubuta abin da allura ta nuna duk bayan daƙiƙa goma, sannan ya zana a takarda mai ƙananan gidaje, da fensir da rula. Babu kwamfuta. Mutum huɗu-huɗu ake yi: ɗaya na kallon agogo, ɗaya na kallon allura, ɗaya na rubutu, na huɗun kuma yana ba da shawara.

Takardar umarnin nan ni na rubuta ta, a shekarata ta biyu. Mako uku muka yi ni da Baba muna gwadawa, hannun riga a naɗe, har muka tabbatar cewa a lamba shida ruwan zai hau, ya ɗan zarce, ya dawo ya natsu kafin minti huɗu. Zanen da ke fitowa kyakkyawa ne, sai ka ce daga littafi aka ciro shi. Na yi alfahari da takardar nan ƙwarai. Wallahi ina kewar wancan lokaci. Ina kewar allin da ke cika mini gashi, ina kewar shewar da ɗalibai ke yi in allura ta tsaya cak, ina kewar shayin da Baba ke haɗawa da ruwan Kaka, wanda na hana shi ya fi sau goma, ina hanawa ina sha.

Sai girma ya zo. Aka ba ni kwamiti, aka ƙara mini wani. Taro da safe, taro da rana. Na daina sauka. Rahotanni ke hawowa wurina a cikin kwali, in bi su da jan biro in mayar. Kowace shekara zanen na fitowa kamar yadda na san shi, ni kuma na ɗauka komai lafiya.

Na uku, abin da ya kawo ni. A wani dogon hutu aka raba ɗakin gwajin biyu, aka ja bango don a samar wa wani darasi wuri. Tankin Kaka ya faɗa bayan bangon, allurarta ta tsaya a wannan ɓangaren. Masu aiki suka yi abin da ya fi sauƙi, suka huda bango suka ƙara bututu. Abin da yake mita ɗaya ya koma mita bakwai. Ruwan da ke isa ma'auni cikin daƙiƙa uku ya koma sai ya yi ashirin. Jinkirin nan da nake ta zanawa a kan allo a sama, ga shi an gina shi da siminti a ƙarƙashin ƙafata, ban sani ba.

Ba zan ce ba a gaya mini ba. Baba ya tare ni wata rana a baranda ya ce, “Malam, Kaka ta canza hali tun da aka ja bututun nan.” Na ce, “To Baba, za mu duba.” Sauri nake, ana jirana a taro. Shi kuwa mutum ne da ba ya son maimaita wa na sama da shi magana, sai ya nemo tasa dabarar. In ɗalibai suka sa shida, allura ta fara hawa da sauka, hankalinsu ya tashi, sai ya zo ya mayar musu da ita biyu, ruwa ya natsu, kowa ya samu sauƙi. Su kuma, da yake takardar Malam ta ce shida, kuma suna tsoron Jan Biro, sai su nemo rahoton 'yan shekarun baya su kwafe zanen. Har suna suka ba shi: Gado. Ajin da ya fita ya miƙa wa na bayansa, tare da nasihar a ɗan sauya lamba ɗaya ko biyu kada abin ya yi kama da yawa. Na ga wasu manyan injiniyoyi sun sunkuyar da kai. Ku ɗago, ba don ku na zo ba. Maki ya riga ya shiga, kuma tsoron da ya sa ku yi, ni na dasa shi.

A shekara ta huɗu da jan bututun aka samu wani ɗalibi a ajin ƙarshe, siriri, marar yawan magana, wanda ake kira Mai Agogo. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi mai gilashi a bakin titi. Ranar da ɗan ya samu shiga jami'a ya ba shi agogon awon daƙiƙa, irin mai maɓalli a ka, wanda ya gyara da hannunsa. Da shi yake auna komai, har tsawon laccata. An ce ya taɓa gaya wa abokansa cewa na yi minti goma sha ɗaya ina faɗa kafin in fara darasi, kuma ban musa ba.

Ranar gwajinsa ya sa shida. Allura ta hau ta wuce sittin, ta sauko ƙasa da arba'in, ta sake hawa. Baba ya zo zai mayar masa biyu. Ya ce, “Baba, bar ta. Takarda ta ce shida.” Baba ya ce, “Ɗana, a hankali. Kowa biyu yake yi.” Ya ce, “To ai in na yi biyu, biyu zan rubuta.” Abokan rukuninsa suka gaji suka tafi neman Gado. Shi ya zauna minti arba'in yana rubuta lamba duk daƙiƙa goma, washegari ya dawo ya sake, a rana ta uku ma ya sake. Baba ne ya ba ni wannan labarin daga baya.

Rahoto arba'in da biyu suka hau ofishina a kwali. Arba'in da ɗaya masu kyau, yadda na saba. Ɗaya kuma zanensa kamar haƙoran zarto, daga farkon takarda har ƙarshenta, a ƙasa an rubuta cewa a lamba shida na'urar ba ta natsuwa, kuma yana ganin akwai jinkirin da takardar umarni ba ta lissafa ba. Jama'a, da na karanta wannan layin, ba tunani na yi ba, fushi na yi. Ɗalibi ne zai gyara mini takardar da na yi mako uku a kanta? Ga abokan rukuninsa uku sun kawo zane mai kyau daga na'ura ɗaya a rana ɗaya, wace shaida kuma nake nema? Na ce a raina wannan a ɗaki ya zauna ya ƙirƙiri lambobi, ya ƙara da rashin kunya. Na ɗauki jan biro na rubuta a shafin farko: “Ba ka yi gwajin nan ba. Lambobin ƙarya ne.” Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Mai Agogo ya zo ofishina. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba, ni ma ban ce ya zauna ba. Ya ce, “Malam, don Allah minti goma kawai. Mu sauka ka gani da idonka.” Na ce, “Na'urar nan na san ta tun kana firamare.” Ya ce, “Malam, ba cewa nake ka yi kuskure ba. Abin da na gani na rubuta.” Na ce, “Mutum arba'in da ɗaya makafi ne, kai kaɗai ke da ido? Ja mini ƙofa.” Ya ja ta a hankali, bai buga ba. Bai ambaci Gado ba, ko a ofishina ko a gaban kwamitin ladabtarwa da na kai shi, domin da ya ambata, da ajinsu gaba ɗaya ya shiga uku. Baba ma ya hau matakalar nan, abin da ba ya yi, ya tsaya a ƙofata ya ce, “Malam, yaron nan ya yi aiki.” Na ce, “Baba, kai kowa ɗanka ne.” Da aka zo zaman kwamiti, ni na ce babu buƙatar a kira Baba.

Dokar sashe a lokacin ita ce, wanda aka kama da ƙirƙirar sakamako ya faɗi darasin, darasin kuma sau ɗaya ake yinsa a shekara. Abokansa suka fita, shi ya maimaita shekara guda saboda darasi ɗaya. Aka kuma aika takarda gidansu, da sa hannuna a ƙasa.

Da shekara ta zagayo ya sake gwajin. Wannan karon ya kawo mini zane mai kyau, wanda ya hau, ya ɗan zarce, ya natsu kafin minti huɗu. Gado ya kwafa, kamar kowa. Na ba shi maki saba'in da takwas, na rubuta masa a gefe: “Ka ga amfanin yin aiki da gaskiya.” A duk abin da na rubuta da biron nan, babu layin da nake jin kunyarsa kamar wannan.

Shekara uku bayan na ƙaryata shi aka ce baƙi masu duba ingancin karatu za su zo, na ce bari in sauka in gwada Kaka don in nuna musu da kaina. Na sa shida. Na tsaya ina kallon allura tana hawa tana sauka. Na bi bututun da ido har inda ya shige bango. Baba kujera kawai ya jawo ya ajiye a bayana, kuma na buƙace ta. A makon nan na gyara takardar umarni, na mayar da shida biyu, na ƙara shafi guda a kan jinkiri, har aka yaba mini a taron sashe. Amma ban nemi Mai Agogo ba. Na ce ai ya riga ya fita, ya samu aiki, tayar da maganar ba zai amfani kowa ba. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma na fi son sunana da nasa. Shekara ashirin da ɗaya na yi shiru.

Wata biyu da suka wuce, ina kwashe kayan ofis, na ci karo da rahoton a ƙasan durowa, jan rubutuna ko dusashewa bai yi ba. Na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun wancan lokaci, na sa jinkirin daƙiƙa ashirin, na zana. Na ɗora takardata a kan tasa na ɗaga su ga hasken taga. Layi ya hau kan layi. Ɗigo ɗari biyu da arba'in, da fensir, babu wanda ya kauce abin a zo a gani.

Na nemo inda yake. Shi ne babban injiniyan wata ma'aikata, tukwanen tururi huɗu a hannunsa. Ya karɓe ni da girmamawar da ban cancanta ba, ya ba ni kujerarsa shi ya tsaya. Na ajiye rahoton a gabansa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dubi takardar ya ce, “Malam, shekarar ba komai, na daɗe da yafe ta. Takardar da aka kai gida ce.” Ya ce babansa bai yi boko ba, sai ya ba wani maƙwabci ya karanta masa a bakin teburinsa, a gaban mutane. Da ɗan ya koma gida, baban ya ce masa, “Ni ban taɓa mayar wa mutum agogo yana ƙarya ba. Na ba ka mai gaskiya, ka je ka rubuta ƙarya da shi?” Ya rantse masa. Baban ya ce, “Malaminka zai yi maka sharri ne? Me ka tare masa?” Ya karɓe agogon ya kulle. Wata bakwai bayan haka Allah Ya yi masa rasuwa, ɗan bai kai ga fita ba.

Na ce, “Mahaifiyarka fa?” Ya ce, “Tana nan. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Amma ran da ɗana ya kawo sakamako mai kyau daga makaranta, ta jawo shi ta ce, kai dai ka riƙa faɗin gaskiya, ko sifili za ka ci. Da shi take magana, Malam, amma ni take kallo.”

Ku malamai matasa da zan bar wa allon nan, yau kuna da kwamfuta mai fitar da zane kafin ku ƙifta ido, kuma ban ƙi ta ba. Amma ku sani, na'urar da kuka siffanta mata take nuna muku, ba wadda ke cikin ɗaki ba. Idan ɗalibi ɗaya ya kawo abin da ya saɓa wa na kowa, kafin ku miƙa hannu ga biro, ku tashi ku je ku gani. Idan ma'aikacin gwaji ya tare ku a baranda, ku tsaya. Taron zai jira.

Shugabar sashe ta sa hannu a takardar da ta soke waccan da aka kai gidansu, majalisar jami'a ta amince, an cire ta daga fayil ɗinsa, kuma ina gode musu. Sai dai waccan a gaban mutane aka karanta ta, don haka wannan ma a gaban mutane za a faɗe ta.

Hajiya, mahaifiyar Mai Agogo, na san an wahalar da ke, an ɗauko ki an zaunar da ke a layin gaba kina ta jin maganar tanki da bututu. Ki yi haƙuri, yanzu da ke nake. Ni ne malamin da ya sa hannu a takardar nan. Ɗanki bai yi ƙarya ba. A cikin mutum arba'in da biyu, shi kaɗai ya rubuta abin da idonsa ya gani. Kwana uku ya yi yana aunawa da agogon babansa, kuma agogon bai ba shi kunya ba. Tarbiyyar da kuka ba shi ita ya kawo mini, ni kuma na ba shi sifili a kanta. Ƙarya ɗaya ya taɓa yi a darasina, a shekarar da ya maimaita, kuma ni na tilasta shi, na yaba masa. Ki gaya wa ƙannensa, ki gaya wa jikokinki, ki gaya wa duk wanda ya ji karatun waccan takarda in yana raye. Ban roƙe ki ki ce komai yanzu ba. In kin yafe mini, falalarki ce. In kin ce sai kin yi tunani, shekara ashirin da huɗu na sa ki jira, ba ni da bakin cewa ki yi sauri. Wanda ya fi kowa cancantar jin wannan magana ba ya nan, kuma ba wanda ya makara sai ni.

Ya Allah, Ka ji ƙan mai gyaran agogo, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka isar masa da labarin ɗansa wanda na hana shi ji a duniya. Ka ji ƙan Baba A-hankali, Ka saka masa da alheri kan abin da ya faɗa aka ƙi ji. Ka ba Hajiya lafiya da sanyin zuciya, Ka yi wa ɗanta da zuriyarsa albarka. Ka shiryi malamanmu, Ka buɗe wa ɗalibanmu ƙirji, Ka ɗaukaka wannan jami'a, Ka mayar da kowa gidansa lafiya. Ni kuma, Ka yafe mini abin da hannuna ya rubuta.

Na gode.